Direban da Ba Ya Wuce Mai Tafiya a Ƙasa

Lado Mamane ba ya son tafiya a ƙasa, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa haka ba. A ƙauyensu, can bayan Tasawa a jihar Maradi, rijiya tana da nisa, gona ta fi ta nisa, kasuwa kuwa sai mutum ya yi sammako kafin ya tarar da ita tana ci. Yakan ce duk tafiyar da aka rubuta masa ya gama ta tun kafin gemu ya fito masa. Abin da ya kai shi tasha ke nan, ya zama yaron motar wani direba mai suna Sha'aban, mai tsohuwar a-kori-kura da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin ƙauyuka.

Sha'aban ba mai yawan magana ba ne. Ya koya wa Lado tuƙi da nuni da harara, ya kuma ba shi doka guda da baki: idan da wuri a motarka, ba ka wuce mutum yana tafiya cikin rana ba tare da ka ce masa ya shigo ba. Ya shiga ko ya ƙi, wannan ruwansa. Sha'aban ya daɗe da rasuwa, motar ma an sayar da ita a ƙarafa, amma dokar ta biyo Lado har Riyad.

Da ya zo, ya fara da rabon ruwan sha gida-gida, daga baya ya samu tuƙi a gidan wani ma'aikacin jakadanci a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, yana kai yara makaranta yana ɗauko su. Shekaru da yawa dokar Sha'aban ba ta dame shi ba, domin a Riyad ba kasafai ake ganin mutum a ƙasa ba. Sau ɗaya ta tashi. Wata safiya ya ga wani Bature mai furfura yana gudu a gefen titi cikin gajeren wando, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Lado ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya nuna masa kujera. Mutumin ya nuna agogon hannunsa ya ci gaba da gudu. Lado ya fahimci cewa ya makara ne sosai, sai ya sake binsa yana danna ham. Masu gadin unguwar ne suka yi masa bayani daga baya, cikin natsuwa, a ɗakinsu, cewa motsa jiki mutumin yake yi.

Lokacin da aka yi wa maigidan nasa canjin ƙasa, sai takardar zamansa, wato igama, ta koma hannun wani Basa'udiye da ake kira Abu Shakir, ma'aikatansa kuwa su ce masa mudir, wato shugaba. Abu Shakir yana da ɗan ƙaramin kamfani a saman wani shagon sayar da tantuna. Sana'arsa ita ce, idan sanyi ya shigo, ya tara mutane daga Riyad da ƙasashen waje ya kai su gaɓar Bahar Maliya, tsakanin Ƙunfuda da Lis, su yi kwanaki suna tafiya a ƙasa a kan hanyar da alhazan zamanin da suke bi. Da rana tafiya, da yamma tanti da gasasshen kifi. Aikin Lado ya tuƙa bas mai ɗauke da kaya da ruwa da abinci. Da hantsi yakan bi hanyar yashi ya wuce matafiyan, ya je gaba ya kafa rumfa ya jira su. Abin da ake nema gare shi ke nan: ya wuce.

A tafiyarsa ta farko ya tsaya kusa da wani Bajamushe da fuskarsa ta yi ja, ya buɗe masa ƙofa. Bajamushen ya kai ƙara. A tafiya ta biyu ya tsaya wa wasu mata uku, su kuwa suka shiga, suka ji sanyin mota, suka yi barci har rumfa. Washegari ma suka shiga. Da suka koma ƙasarsu suka rubuta a intanet cewa direban kamfanin ya lalata musu tafiya, domin ya jarabce su a lokacin da ba su da ƙarfin ƙi.

Abu Shakir ya kira shi ofis. Mutum ne mai sauƙin kai, bai ɗaga murya ba, har shayi ya zuba masa.

"Ya Lado, mutanen nan gajiya suka zo saye. Kai kuma kana ƙwace musu ita."

"Mudir, rana ta yi zafi."

"Ita ma suna so. Tana cikin hoton talla." Ya tura masa farantin dabino. "Wanda ya kasa, yana da waya, zai kira ka. Idan bai kira ba, ba ka gan shi ba. Ka sake ce wa wani ya shiga, ba zan sabunta igamarka ba. Ni da kaina zan kai ka filin jirgi, mu rabu lafiya."

Lado ya ci dabino ɗaya don kada a ce ya yi fushi. A Maradi 'yarsa Ummukulthum tana tsakiyar karatun ungozoma, kuma bas ɗin nan ce take riƙe da karatun.

Ɗakin da yake kwana yana Dira, a wani lungu da ake hango katangar tsohuwar fadar Masmak idan mutum ya leƙa ta tagar banɗaki. Su biyu ne a ciki, shi da Abdou, mutumin Damagaram da ke ɗaukar dardumai a kasuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko, suna cin shinkafa da wake, Lado ya kwashe labarin ya faɗa masa.

"To ka wuce su mana," in ji Abdou. "Danginka ne?"

"Ƙafata ce ke taka birki. Ni ba na ma sani."

"Tsohon ubangidan naka me ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Idan da wuri a motarka."

Abdou ya suɗe cokali. "Kai dai bugun Maradi ne. To kada wurin ya kasance."

Da aka zo tafiya ta gaba, Lado ya fito da katan-katan ɗin ruwa daga bayan mota ya ɗora su a kan kujeru, kowace kujera da nata, har ta gefen direba. Ya ɗaura musu bel don kada su zube. Abu Shakir ya leƙa, ya dubi katan-katan ɗin suna zaune a jere, ya wuce abinsa.

Kafin a tashi zuwa gaɓa, al'adar kamfanin ce a tara waɗanda ke Riyad a hanyar ƙafa da ta kewaye Unguwar Ofisoshin Jakadanci, a gwada takalma da gwiwoyi. A nan Lado ya fara ganin Hajiya Shafa'atu. Tsohuwa ce doguwa siririya, da zane da mayafi, da takalmin wasanni fari a ƙasa, da sanda irin ta masu hawa dutse. Ɗanta ne ya kawo ta, Dokta Abdulwahid, likita a wani asibiti a garin. Ta ji Lado yana waya da Abdou, ta matso.

"Malam, kai mutumin ina ne?"

Lado ya ɗan rusuna. "Tasawa, Hajiya."

"Ashe ɗan Faranshi ne."

"Ku ne mutanen Ingilishi ke nan."

"Zariya. Na yi shugabar makaranta har na gaji. Kai ne mai ɗaukar mutane? An ba mu labarinka a takardar gargaɗi."

"An daina, Hajiya."

Da ta yi gaba, likitan ya ja Lado gefe ya ce, don Allah, idan ya ga ta gaji ya ɗauke ta, kada ya saurari abin da za ta ce. Da likitan ya tafi neman motarsa, Hajiya ta dawo ta ce ta san abin da Abdulwahid ya faɗa, kuma kada Lado ya kuskura. Lado ya amsa wa kowa da "to".

Matafiyan suka bi jirgi, shi ya bi titi da bas ɗinsa, ya ratsa hamada ya gangara duwatsu har ya ji warin gishiri. Gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce. Teku a hagu, fili a dama, sai jiragen masunta a kife, da raƙuma masu cin ganyen bishiyoyin da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da tsofaffin rijiyoyi da yashi ya cike. Abu Shakir yakan tsaya a bakin irin waɗannan rijiyoyi ya yi bayani, a ɗauki hoto, a wuce.

Dabarar Abdou ta yi aiki. Da hantsi Lado yakan tarar da matafiyan a warwatse, Abu Shakir a gaba da samari, masu ƙiba a tsakiya, Hajiya a can baya ita kaɗai. Sai ya waiga ya dubi katan-katan ɗinsa, ya ce a ransa mota ta cika, ya wuce a hankali don kada ya tayar musu da ƙura. Abin da shi da Abdou ba su lissafa ba shi ne, ruwa shan sa ake yi. Kullum kujera ɗaya ko biyu takan sauke fasinjanta. Ya gwada barin kwalayen wofi a kan kujerun, da bel ɗinsu da komai, amma shi ne ya zazzage su da hannunsa, ya san babu komai a ciki. Ya cike gurbin da tantuna da jakunkuna. A rana ta ƙarshe aka turo wata mota ta kwashe kayan duka zuwa otal a Lis. Ba abin da ya rage a bas sai tukwanen abincin rana a baya, da rumfa, da 'yan robobin ruwa.

Ya tarar da Hajiya wajen da hanyar ta rabu da teku ta bi wani farin fili mai gishiri, babu ko kara da zai yi inuwa. Sauran sun yi nisa, sun zama ɗige-ɗige. Ta take bayan takalminta na dama ta mayar da shi silifa, tana jan ƙafar. Wayarta tana rataye a wuya, ba ta taɓa ta ba.

Ƙafar Lado ta taka birki. Gilashi ya sauka. Maganar ta zo har bakinsa.

"Idan ka faɗa," in ji Hajiya, ba ta ko waigo ba, "zan gaya wa Balaraben."

"Ban ce komai ba, Hajiya."

"Motarka tana cewa."

Ya ɗaga gilashin. Ya bar ta ta ɗan yi gaba, ya bi ta a baya a giya ta ɗaya. Sun yi tafiya kaɗan a haka, ta tsaya ta dogara sanda.

"Malam Lado, gawa ce ni da kake bi na a hankali? Ka wuce."

Ya dubi hanyar da ke gaba, babu komai a kanta. Ya dubi madubi, ya ga kujeru a jere, kowace da bel a kwance. Idan ya ce ta shigo, igama ta tafi. Idan ya bi ta, ta hana. Wucewa kuwa, ya sa giya har sau biyu, ƙafar ta ƙi sakin kuloci. Sai ya kashe motar. Ya ɗauki robar ruwa da laima, ya kulle ƙofa, ya sa makulli a aljihu, ya sauko cikin baƙin takalminsa na direbobi mai santsin ƙasa.

"Ina zuwa?"

"Lis, Hajiya."

"A ƙasa?"

"Haka na ga ana yi."

Ta dube shi daga hula har takalmi. "Laimar taka ce. Ni ba na so."

Ya buɗe ta ya riƙe a tsakiyarsu, inuwar ta faɗa inda ta ga dama, wato kan Hajiya.

Gishirin yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalma. Can ta ce ita ba baƙuwar hanyar ba ce. Iyayenta sun taso daga Zariya a ƙasa, kamar yadda ake yi a lokacin, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri. A Sudan aka haife ta, inda mahaifinta ya yi 'yan shekaru yana aikin auduga. Suka ƙetare teku a jirgin katako, aka sauke su wani wuri a wannan gaɓa, ba ta san takamaiman ina ba. Daga nan mahaifiyarta ta goye ta, ta ɗora tukunya a ka, suka nufi Makka.

"Ka ga na bi hanyar, amma ban taka ta ba. Ɗauko ni aka yi. Innata har ta rasu, idan na ce na gaji ba ta yi mini faɗa. Ƙafarta kawai take duba. Shi ne na ce bari in zo in ga abin da take dubawa."

Lado ya sauya wa laimar hannu. Takalmin ya fara cin dunduniyarsa.

"Hajiya, da a ce mota ta tsaya wa Inna a nan, da ta shiga?"

"Da gudu ma. Har ta yi wa direban addu'a."

"To?"

"To ita ba wanda ya tsaya mata. Kai dai riƙe laimarka."

Wayarsa ta yi ƙara. Abu Shakir ne, yana tambaya ina abinci, mutane sun iso babu rumfa.

"Abinci yana mota, mudir."

"Motar tana ina?"

"Tana baya."

"Kai kana ina?"

"Ina gaba da ita."

Abu Shakir ya kashe wayar.

Rana ta karkata kafin su iso. Sun tarar da matafiyan a zaune a gindin wani jirgin masunta, suna cin dabino suna kallon juna. Wasu suka tafa wa Hajiya. Ta zauna a kan yashi, ta cire takalmin, ta daɗe tana duban ƙafarta. Abu Shakir bai dubi Lado ba, ya dai ce abincin ba zai kawo kansa ba. Lado ya juya ya kama hanyar da suka fito, yana ɗingishi. Bai yi nisa ba wata tsohuwar a-kori-kura mai warin kifi ta tsaya a gefensa, wani dattijon masunci ya tura ƙofa da ƙafa ya nuna masa kujera. Lado ya shiga tun kafin mutumin ya gama nunin.

A Riyad, bayan ya wanke bas ɗin ya ajiye, aka ce ya hau ofis. A wannan karon babu shayi.

"Ka ce mata ta shiga?"

"Ban ce ba."

"Ita ma haka ta faɗa. Ta ce ka cika surutu amma wannan ba ka faɗa ba. Ka bar abincin mutane a rana."

"Na bari."

"Kawo makulli."

Lado ya ciro shi ya ajiye a tebur. Ya fara tunanin yadda zai gaya wa Ummukulthum, da wanda zai bar wa tukunyar gas ɗinsa. Abu Shakir ya jefa makullin a aljihun tebur, ya sunkuya ya ɗauko wani kwali ya turo masa. Takalmi ne na tafiya, mai kaurin ƙasa.

"Ba zan sake ba ka mota ba, ya Lado. Ba ka iya wucewa, kuma ba za ka koya ba. Amma kowace tafiya akwai wanda ke zama a baya shi kaɗai, ni kuma ba zan iya zama gaba da baya ba. Daga yanzu kai ne na ƙarshe. Ba ka wuce kowa. Wannan dai ka iya."

"A ƙasa, mudir?"

"A ƙasa. Gobe ka kawo igama a sabunta."

Lado ya dubi takalmin. Ya tuna cewa a Tasawa ma tafiyar ce ke jiransa, kuma can ba mai ba shi takalmi. Ya ɗauki kwalin.

Abdou ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce mutum ya bar garinsu don gudun tafiyar ƙasa, ya ƙetare teku, ya samu aikin tafiyar ƙasa. Lado ya ce ai shawararsa ce ta jawo, da katan-katan ɗinsa. Abdou ya ce shi bai ce a sha ruwan ba.

Sanyi biyu ke nan Lado yana wannan aiki. Ranar Juma'a da safe ana ganinsa a hanyar ƙafa ta Unguwar Ofisoshin Jakadanci yana motsa gwiwa, cikin dogon wando, domin gajeren ya ce sai dai a kore shi. Masu gadin da suka taɓa yi masa bayani sukan ɗaga masa hannu. Tumbinsa ya sauka, bai yi murna da hakan ba. Hajiya Shafa'atu ta koma Zariya. Takan aiko da saƙon murya jefi-jefi tana tambayar ɗan Faranshi ko ya iya tafiya yanzu, shi kuma ya ce ana dai yi. Har yau idan aka tambaye shi yakan ce ba ya son tafiya a ƙasa.

A gaɓa yana bayan kowa, da laima da ruwa da filasta a jaka, kafaɗa da kafaɗa da duk wanda ƙafa ta fi ci a ranar. Da hantsi bas ɗin takan zo ta bayansu. Sabon direban ba ya ko rage gudu, abinci kuma bai taɓa makara ba. Lado yakan matsa gefe ya bi ta da kallo, yana ganin kujerun ta gilashi. An taɓa tambayarsa yadda ya ga sabon direban. Ya ce ya iya aiki, ba shi da laifi, sai dai ba a yi masa tarbiyya ba.